TALALA MAI KAMAR SAKE: DARASI DAGA GIDAJEN GIYA NA INGILA

Jama'a, a wannan mako za mu kai ku Ingila, kuma wurin da za mu kai ku wuri ne da yawancinmu ba sa taka ƙofarsa ko a nan gida, watau gidan giya. Mun sani wani zai ce, me ya haɗa jaridar talakawa da gidan giyar Turawa? To, kada a yi saurin naɗe takarda. Giya dai haramun ce a addinin mafi yawan masu karanta wannan jarida, mu kuwa ba tallanta muka zo yi ba. Mutumin da ke tsaron gidan shi ne ya ja hankalinmu, domin shi ma ƙaramin ɗan kasuwa ne kamar mai rumfa a kasuwar garinku. Yana biyan haya, yana biyan haraji, yana sarin kaya a hannun manya. Abin da manyan suka yi masa tun daga 1980 zuwa yau, da yadda waɗansu suka nutse waɗansu suka kai gaci, karatu ne da ya kamata kowane mai saye da sayarwa ya sani. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sunan da Turawan Ingila ke kiran wannan gida da shi ma'anarsa gidan jama'a. A wurinsu shi ne dandali, shi ne teburin mai shayi, shi ne gindin bishiyar da ake taruwa bayan an tashi daga aiki. Nan ake jin labarin unguwa, nan ƙungiyar ƙwallo ke zama, nan ake walimar suna da zaman makoki. Ƙauyen da gidan nan ya mutu a cikinsa sau da yawa ba shi da sauran wurin haɗuwa.

A lissafin ƙungiyar masu sana'ar, a cikin 1980 akwai irin waɗannan gidaje wajen 69,000 a ƙasar Birtaniya duka. A cikin shekarar 2000 sun koma kusan 61,000. Zuwa 2023 saura wajen 45,000. Ke nan cikin kowane gida uku, ɗaya ya rufe. Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

YADDA AKA ƊAURE MAI TSARON GIDA

Tun zamanin da, kamfanonin da ke dafa giya suka gane cewa hanya mafi sauƙi ta sayar da kayansu ita ce su mallaki gidajen da ake sayarwa. Sai kamfani ya sayi gida, ya sa mutum a ciki haya, da sharaɗin ba zai sayar da giyar kowa ba sai tasa, kuma a kan farashin da kamfanin ya yanka. Ana ce wa mutumin nan shi ne mai gida, sunansa ne rubuce a bisa ƙofa, shi ke tashi da asuba ya kwanta tsakar dare. Amma mai ginin da mai ba shi kaya mutum ɗaya ne. In ya yi ƙorafin tsadar kaya a tuna masa da haya, in ya yi ƙorafin haya a tuna masa ana iya nuna masa hanya. Wannan shi ne talala mai kamar sake.

A cikin 1989 hukumar da ke binciken babakere a kasuwa ta ba da rahoto cewa manyan kamfanoni shida, cikinsu har da Bass da Whitbread da Courage, su ne ke dafa kashi uku cikin huɗu na giyar ƙasar, kuma suna riƙe da gidaje dubbai. Gwamnatin Margaret Thatcher ta kafa doka cewa duk kamfanin giya da ke da gidaje fiye da 2,000, dole ya saki rabin abin da ya ɗoru a kan wannan adadi. Aka yi ta murna, aka ce ƙaramin ɗan kasuwa ya sami 'yanci.

Amma fa ku dubi inda gizo ya yi saƙa. Dokar ta hana mai dafa giya tara gidaje, ba ta hana wanda ba ya dafa komai ba. Sai waɗansu masu wayo suka kafa sababbin kamfanoni waɗanda ba su da tukunya ko ɗaya, sana'arsu mallakar gidaje kawai. Suka ciwo bashi mai yawa daga bankuna, suka saye gidajen da aka saki. Biyu daga cikinsu, Enterprise Inns da aka kafa a 1991 da Punch Taverns da aka kafa a 1997, kowannensu ya taɓa riƙe gidaje fiye da 8,000, bashin da ke kan kowannensu kuma ya haura fam miliyan 3,000. Igiyar ɗaurin ba su kwance ta ba. Su suke sarin giya da araha a wurin masu dafawa, su sayar wa ɗan hayarsu da tsada fiye da yadda zai samu a kasuwa, sa'an nan su karɓi haya. Har na'ura suka riƙa dasawa a ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa tana ƙirga abin da ya bi ta bututu, domin a kama wanda ya saro ganga a waje a ci shi tara. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Wa ke biyan bashin bankin nan? Mai tsaron gida. A cikin 2009 wani kwamitin Majalisar Wakilai ta Ingila ya sa aka tambayi 'yan hayan nan, sai aka ga biyu cikin uku ba sa samun fam 15,000 a shekara, alhali mutum da matarsa ne ke aikin dare da rana. A Ingila wannan kuɗi bai taka kara ya karya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

SHEKARA GOMA SHA BIYU ANA KUKA

Tsakanin 2004 da 2011 kwamitocin Majalisa sun binciki wannan al'amari sau huɗu. Kowane karo kamfanoni sukan ce a bar su za su gyara da kansu, Gwamnati kuwa ta ce ta ji. Abin da ya hana maganar mutuwa shi ne 'yan hayan sun haɗa kai, suka sami goyon bayan wata ƙungiya ta masu sayen kayansu mai suna CAMRA wadda aka kafa tun 1971. Suka yi ta rubuta wa wakilansu, suka yi ta zuwa ƙofar Majalisa. A watan Nuwamba 2014 wani wakili mai suna Greg Mulholland ya kawo gyara a wata doka, Gwamnati ta ƙi, aka jefa ƙuri'a, aka kayar da Gwamnati da ratar ƙuri'a 15.

A watan Yuli 2016 sabuwar ƙa'ida ta soma aiki. Duk kamfanin da ke da gidaje ɗaurarru 500 ko fiye a Ingila da Wales ta hau kansa. A waɗansu lokuta da doka ta ambata, kamar ranar sake yanka haya, ɗan haya yana da ikon ya ce a kwance shi, ya biya hayar gini kawai, ya sari kaya inda ya ga dama. Aka kuma naɗa alƙali na musamman mai raba gardama. Ko da hakan ma ba a huta ba, domin kamfanoni sun riƙa ja wa masu neman a kwance su rai da sharuɗɗa masu wuya. A cikin 2020 alƙalin ya ci wani kamfanin gidaje na Heineken tarar fam miliyan 2 saboda tilasta wa masu neman fita su ci gaba da cika gidajensu da kayansa, ko da yake daga baya an rage tarar. Daga binciken farko zuwa ranar da ƙa'ida ta soma aiki shekara goma sha biyu ke nan, a tsakanin nan gidaje dubbai sun rufe.

SAURAN ABUBUWAN DA SUKA TARU A KANSA

Ba za mu ɗora wa kamfanoni laifin kome da kome ba, domin gaskiya ɗaya ce. Manyan kantuna sun shigo da ƙarfinsu. Suna saro kaya da yawa, suna sayarwa da arahar da ƙaramin gida ba zai iya ba, mutum ya saya ya tafi ɗakinsa ya zauna gaban talabijin. A cikin 2015 giyar da aka saya a kantuna ta fi wadda aka sha a gidajen giya yawa, abin da ba a taɓa gani ba a ƙasar.

Ran 1 ga Yuli 2007 aka hana shan taba a cikin wuraren taruwar jama'a a Ingila. Doka ce mai kyau ga lafiya, musamman lafiyar ma'aikata, amma gidajen da ba su da fili a waje sun rasa tsofaffin abokan cinikinsu.

Sai haraji. Daga 2008 Gwamnati ta riƙa ƙara harajin giya kowace shekara fiye da yadda tsadar kaya ke hawa, har ya ƙaru da kashi 42 cikin ɗari. Sai da mutum fiye da 100,000 suka sa hannu a takardar koke kana aka daina a 2013. Har wa yau abincin da aka dafa aka ci a gidan nan ana ɗora masa harajin ciniki na kashi 20 cikin ɗari, alhali yawancin abincin da babban kanti ke sayarwa ba a ɗora masa ko kwabo.

Ran 20 ga Maris 2020 aka umarci dukan gidajen su rufe saboda annobar korona, ba a buɗe ba sai ran 4 ga Yuli, daga baya aka sake rufewa. A cikin 2022 kuɗin wutar lantarki da na gas suka yi tashin gwauron zabo. A watan Afrilu 2025 kuma aka ƙara kuɗin inshorar ƙasa da mai ɗaukar ma'aikaci ke biya daga kashi 13.8 zuwa 15 cikin ɗari, aka rage rangwamen harajin wurin sana'a daga kashi 75 zuwa 40. Waɗansu masu gidaje suna haɗawa da ƙarin albashin ma'aikata a cikin kukansu. A nan mun raba hanya da su. Yaron da ke wanke kofuna har tsakar dare talaka ne ɗan'uwanmu, ba a kansa ya kamata a fanshe abin da banki da mai gini suka ci ba.

Abu na ƙarshe, samarin Ingila kansu sun rage sha. Wani bincike na jami'a a London ya nuna cewa a cikin 2005, 'yan shekara 16 zuwa 24 da ba sa shan giya kashi 18 ne cikin ɗari, amma zuwa 2015 sun kai kashi 29. Tun 2013 kuma ake da al'adar mutane su ƙaurace wa giya watan Janairu ɗungurungum. Wannan mu abin farin ciki ne a gare mu. Amma ga mai gidan da bai iya sayar da kome ba sai giya, kasuwa ce ta watse ta bar shi.

WAƊANDA SUKA KAI GACI

In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Waɗanda suka tsira sun bi hanyoyi dabam dabam, ga su.

Na farko, waɗansu sun koma ga abinci. A cikin 1991 wani gida mai suna Eagle a London ya soma dafa abinci mai kyau irin na manyan otal a kan kuɗin da ma'aikaci zai iya biya, wasu da yawa suka bi sahu. Zuwa 2019 ofishin ƙididdiga na ƙasar ya nuna cewa masu aikin abinci a gidajen nan sun fi masu zuba giya yawa. Iyali suna zuwa da yara ran Lahadi, mata suna shiga ba tare da fargaba ba. Ana sayar da shayi da gahawa da safe, ana ajiye abin sha marar sa maye domin wanda zai tuƙa mota ko wanda ba ya sha. A garuruwan tsakiyar Ingila irin su Smethwick, inda a shekarun 1960 ake hana baƙar fata da mutanen Indiya zama ɗaki ɗaya da Turawa a gidajen giya, yau mutanen Punjab ne ke riƙe da gidaje da dama, gasasshen namansu kuwa shi ne ya ceci gidajen da da sun rufe.

Na biyu, waɗansu sun girma ƙwarai. Kamfanin Wetherspoon, wanda Tim Martin ya soma da gida ɗaya a 1979, ya kai gidaje wajen 800. Yana sayen tsofaffin bankuna da gidajen silima ya mai da su wurin zama, yana buɗewa tun da safe, yana saro kaya da yawa ya karya farashi. Wannan hanya ta mai jari ce. Ƙaramin ɗan kasuwa da ya ce zai yi tseren araha da irin wannan, jarinsa zai ƙare kafin shekara ta zagayo.

Na uku, waɗansu sun ƙanƙance da gangan, wannan kuwa ita ce dabarar da ta fi burge mu. A cikin 2005 wani mutum mai suna Martyn Hillier ya buɗe gida a wani tsohon shagon mahauci a ƙauyen Herne na lardin Kent. Ɗaki ɗaya ne tak, ba kiɗa, ba talabijin, ba injin caca. Hayarsa kaɗan, ma'aikaci shi kaɗai, ba ya cikin igiyar kowa, yana saro kayansa a hannun ƙananan masu dafawa na kusa. Abin da yake sayarwa a gaskiya shi ne hira da sanin juna, abin da babban kanti ba shi da shi. Ɗaruruwan mutane sun kwaikwaye shi.

Na huɗu, waɗansu sun haɗa sana'o'i. Tun 2001 akwai wani shiri da Sarki Charles ya assasa tun yana Yarima, wanda ke taimakon gidajen ƙauye su buɗe gidan waya ko ɗan kanti ko ɗakin karatu a cikin gini ɗaya. Haya ɗaya, ƙofofin samu uku.

Na biyar, jama'ar gari da kansu sun saye gidajensu. A cikin 2003 mutanen ƙauyen Hesket Newmarket a arewacin Ingila, fiye da mutum ɗari, suka yi karo-karo suka sayi gidan garinsu, suka mai da shi na ƙungiyar gama kai. Wata doka ta 2011 ta ba jama'a ikon su sa a rubuta gini a cikin kadarori masu amfani ga unguwa, in mai shi zai sayar dole ya dakata wata shida domin su tara kuɗi. Da wannan doka mutanen Nunhead a London suka sayi gidan Ivy House a 2013. Zuwa 2023 irin waɗannan gidaje na gama kai sun haura 150. Sa'ad da wani mai kuɗi ya rushe gidan Carlton Tavern a London ba da izini ba a 2015, jama'a suka tashi tsaye, majalisar unguwa ta tilasta masa ya sake gina shi kamar yadda yake, aka buɗe a 2021. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

ABIN DA YA SHAFE MU

Ya ku 'yan'uwa 'yan kasuwa, wannan igiya ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Kakanninmu sun san ta a zamanin cinikin gyaɗa, lokacin da kamfanonin Turawa ke ba ɗan kasuwa kuɗi tun kafin kaka a kan ba zai kai kayansa wurin kowa ba sai wurinsu. Yau ma tana nan da sabuwar riga. Mai shagon da aka ba firji a kan kada ya sa lemon kowa a ciki sai na kamfani ɗaya, da direban da ke kai balas kullum ko ya samu ko bai samu ba, da mai rumfar da ke biyan haya ga wanda shi ma haya ya kama daga hukuma ya ninka, duk su dubi mai tsaron gidan nan na Ingila su ga kansu.

Saboda haka ga shawararmu. Kada ka yarda mai ginin da kake ciki ya zama shi kaɗai ne mai ba ka kaya, in kuwa dole ta sa, to, a rubuta ranar da ɗaurin zai ƙare. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ita da harshenka ba, a gaban shaidar da kai ka zaɓa. Ka riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, domin da yawa daga cikin 'yan hayan Ingila ganin taron masu saye ya ruɗe su, suna zaton riba suke ci alhali wa wani suke tarawa. Ka lura da abin da yara masu tasowa ke nema, kada ka tsaya a kan abin da ubanka ya sayar kawai. Ka riƙe abin da babban kanti ba zai iya ba, watau sanin mai saye da sunansa, da gaskiyar mudu, da sakin fuska. Sa'an nan ku haɗa kai, ku yi sari tare, ku yi asusu tare, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga masu mulki kuma muna da magana. Jam'iyyarmu tana neman a kafa ƙa'ida a rubuce tsakanin manyan kamfanoni da ƙananan 'yan kasuwa da ke ƙarƙashinsu, da wurin kai ƙara wanda talaka zai iya zuwa ba sai ya ɗauki lauya ba. Muna neman in za a sayar da rumfa ko a sake gina kasuwa, waɗanda ke zaune a ciki su ne za a fara yi wa tayi, a kuma ba su lokacin tara kuɗi. Muna neman a auna haraji da gwargwadon samu, kada mai tebur ya biya kuɗi iri biyar alhali mai babban kanti yana samun rangwame. Kuma duk dokar da za a ce an yi ta domin talaka, a kawo ta gaban ƙungiyoyin kasuwa su dudduba ta tun ba a sa hannu ba. Dokar 1989 ta Ingila da sunan ƙaramin ɗan kasuwa aka yi ta, amma kafa ɗaya da aka bari a cikinta ta jawo masa wahalar shekara ashirin da bakwai kafin a soma gyara.

Muna roƙon shugabannin rassa su karanta wannan sharhi ga waɗanda ba su iya karatu ba a taron mako, kowane reshe kuma ya rubuto mana irin ɗaurin da ke kasuwar garinsu, da yawan hayar da ake biya, da ko hannu nawa take bi kafin ta isa baitulmali. Za mu tattara mu buga, mu kuma miƙa wa wakilanmu. Allah ya ba talaka sa'a, ya sa albarka a cikin nemansa, amin.